Sunan Da Inna Ta Kira

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Inna kuwa ta riga mu tafiya. Uwar mijina ce, amma a shekara talatin da wani abu da muka yi muna cin tukunya ɗaya ban taɓa ce mata komai ba sai Inna. Ta cika ranar Laraba da hantsi a ɗakinta, a gidanmu na Talata Mafara, kafin azahar an kai ta makwancinta.

Kwana ukun da aka yi ana zaman makoki ni ce a bakin ƙofa ina amsa gaisuwar mata, saboda haka babu abin da ya wuce kunnena. Maƙwabciyarmu mai ƙosai ta durƙusa ta ce, "Yaya hanƙuri? Allah shi jiƙanta. Ita ta huta, ku ma kun huta." Wata ta ce ai tsohuwar akwai ban dariya, ta ɗauko labarin ranar da Inna ta bi mai rake har bakin kasuwa ba mayafi, sai da aka zungure ta sannan ta yi shiru. Wata amarya da aka kawo unguwar bara ta sunkuya ta tambayi ta kusa da ita, wai dama can haka take? Na ji ta sarai. Bakina yana cewa amin, Allah shi ba da lada, raina kuwa a ɓace yake.

Da na huce ban ga laifinsu ba. Mutanen Mafara ba su san wata Inna ba sai mai ɗaukar ƙosai a faranti ba sallama. Waɗanda suka san ta da lafiyarta dam ɗin da aka tare gulbi da shi ya watsa su, wasu suna Maradun, wasu Tsibiri, wasu Kaya, da yawa kuma suna ƙarƙashin ƙasa. Garin da za a je a tambaya shi ma yana ƙarƙashin ruwa. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, da ɗan karatun da na samu a ajin manya, don kada jikokinta su tashi da labarin mai rake kaɗai.

Inna mace ce mai kunya, irin kunyar da in ka ba da labarinta yanzu sai a ce ƙari kake yi. Mijina, wanda nake ce wa Malam, shi ne ɗan farinta. Tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kallon idonsa. In dole ta ambace shi sai ta ce "na ɗakin gabas", don ɗakinsa a tsohon gidanmu gabas yake kallo. Yana tsaye taku uku daga inda take, za ta juyo gare ni ta ce, "Amarya, ki ce ma na ɗakin gabas damana ta kusa, rumbunga na son yaɓe." Ni kuma in juya in maimaita, shi kuma ya ce, "Ki ce mata na jiya." Ni ce gidan wayarsu, kuma ba a taɓa biyana ko da goro ba. Amaryar ma ba ta sauke mini ba har na aurar da 'ya'ya biyu.

Faɗanmu na farko a kan sunan nan ne. Ina sabuwar zuwa, na shanya gero a tsakar gida, ɗan maƙwabta ya koro awaki suka bi ta kai. Yaron takwaran Malam ne, ni kuwa haushi ya rufe mini ido, na ƙwala masa kira da ƙarfina. Inna tana tsintar hatsi a faifai a gindin ɗaki. Ta ajiye faifan ta shige. Kwana biyu tuwona yana dawowa yadda na kai shi. A rana ta uku ta kira ni ta ce, "Amarya, gidanga ba a kiran sunan nan. Ni da na haihe shi ban kira ba." Na ce ai yaron na kira. Ta ce yaron ma yana da wani sunan, a ce masa mai awaki. Na fito ina gunaguni a raina, amma daga ranar ban sake ba.

Kada a ɗauka mai tsanani ce. Ban taɓa ganin mai karanta fuska kamarta ba. Kafin in san ina da ciki ta sani. In mun yi cacar baki da Malam, ko ban ce uffan ba, za ta aike ni ɗebo ruwa a gulbi tare da ita, a hanya ta yi ta ba ni labarin rigimar kajinta har in yi dariya. Gaisuwarta kuwa sai ka nemi wurin zama. Za ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, gida, yara ɗaya bayan ɗaya da laƙabinsu, tarin da ta ji tsohonka yana yi, har akuyar da aka ce ta yi ɓari. Da ɗana na farko ya koma yana da wata huɗu, mata suka yi ta cika mini kunne da haƙuri. Inna kuwa ta matso kusa da ni. Ta zauna ta ɗora ƙafafuna a cinyarta tana matsawa, kuma kwana arba'in ita take daka a madadina, ga shi a lokacin bayanta ya fara ciwo.

Sai aka zo da maganar tare gulbi. Manyan motoci suka cika daji, aka kafa turaku, aka nuna mana inda ruwa zai kai, garinmu da gonakin fadama da maƙabarta duk suna ciki. Mutane suka fara kwashe jinka. Malam ya sami gida a Mafara ta hannun wani abokinsa, amma Inna ta kafe. Ta ce mini, "Ki ce mishi ni ba ni tahiya. Uban nai na kwance nan, wa za ni bar ma shi?" Na kai saƙo, na dawo da roƙo, na sake kai wa, har na gaji da zirga-zirga a tsakar gida ɗaya.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a dangi a Faru. Malam ya aika Bakura aka ɗauko ƙanwar Inna, wadda muke ce wa Iya, ya ce su je suna tare su kwana biyu. Suna ba da baya ya kawo mota. Ni na kwashe ɗakin Inna. Na tarar tukwanen daddawarta a wanke an jera su ɗaya cikin ɗaya, tufafinta a ƙunshe, tabarmar salla a naɗe. Na ce a raina, Inna da tsabta. Daga Faru ba a mayar da ita gida ba, Mafara aka wuce da ita. Ta sauko daga mota, ta dubi gidan, ta shiga ɗakin da aka nuna mata. Ba ta ce komai a kai ba, ranar ko bayanta. Malam kuwa tun daga nan yake tafe da abin a ƙirjinsa, don ya san ya yaudari mahaifiyarsa.

Damina biyu muka yi lafiya. Abin da na fara lura da shi gaisuwa ce. Mace za ta shigo ta durƙusa, Inna ta ce "lahiya" ta juya kai, shi ke nan. Sai kuma zaƙi. Matar da ko zuma aka ba ta sai ta raba wa jikoki, ta koma tana neman inda na ɓoye sukari, tana ci da hannu a tsaye. Wata rana surukin 'yarmu ya zo gaisuwa, ta fito ta zauna kusa da shi ta ja kwanon da aka ajiye masa. Baƙuwa ta zo daga nesa, ba ta gama shan ruwa ba Inna ta ce, "Yaushe za ki tahi?" Muka yi ta ba mutane haƙuri muna cewa tsufa ne. Amma mu kanmu ba mu yarda ba, don rikicin tsufan da muka sani mantuwa ce, Inna kuwa ba ta manta komai ba. Ta san kajinta, ta san hanyar kasuwa, ta san wanda ya ari turminta.

Ranar wata Talata Malam yana zaure da baƙi, abokan noman rani daga Bakura, suna maganar ranar da za a sako musu ruwa a magudana. Ina murhu na ga Inna ta nufi zaure kai ba ɗankwali. Kafin in tare ta ta ɗaga labule. Ta tsaya a kan maza ta kira sunan Malam, sunan yanka, tiryan-tiryan, har sau uku, sannan ta ce, "Ba ni sukari."

Ludayin da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗi ba. Baƙin suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna laluben takalma, ba wanda ya dubi wani. Na kamo hannunta na mayar da ita ɗaki, tana biye da ni kamar ba abin da ya faru.

Da yamma Malam ya same ni a madafa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Kin jiya? Ta hidda ni cikin ɗiyanta. Uwa ba ta kiran sunan ɗan hwari sai in ta daina ganin shi ɗa. Hushin ƙaura na, yanzu yat taso." Na ce masa ba haka ba ne, amma ban da wata hujja da zan ba shi, don ni ma abin da na ɗauka ke nan.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Wasu suka ce iskokin gulbi ne da aka tare musu hanya suka biyo mutane gari. Wasu suka ce sammu. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, Inna ta shanye rubutun ta nemi a sa masa sukari. Malam bai damu da duk wannan ba, gafara yake nema. Mutumin da ya san abin da fushin uwa yake jawowa duniya da lahira ba ya iya barci a kansa. Ya shiga ɗakinta ya durƙusa, gemunsa da furfura, ya ce, "Inna, na yi miki laihi. Don Allah ki yahe mini." Ta dube shi kamar tana duban bango, ta kira sunansa, ta ci gaba da tsinkar zaren tabarma. Ya koma sau biyu, sau uku, amsar ɗaya ce. Daga nan ya daina shiga. Sai ya tsaya a waje ya yi gaisuwa ya wuce da sauri kafin ta kira. Ya rame har rigunansa suka yi masa yawa.

Akwai ranar da ni ma na kasa, kuma zan faɗe ta don ban zo nan in wanke kaina ba. Autar Inna, wadda ke aure a Kaya, ta rasu wajen haihuwa. Yarinyar da Inna ta goya har ƙafafunta suna taɓa ƙasa. Aka rasa mai faɗa mata, na shiga ina kuka na faɗa. Ta ce, "To. An dama kunun?" Wallahi ban san sanda na daka mata tsawa ba. Na ce, "Inna, ɗiyarki ta mutu! Ke wace irin uwa ta?" Ta dube ni, ba tsoro ba haushi, ta miƙo mini kofi. Na dama kunun ina kuka. Har yau in na tuna tsawar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Bayan wannan ne babban ɗanmu ya matsa aka kai ta babban asibiti. Likitan ya daɗe da ita, ya yi mana tambayoyi da yawa, sannan ya zaunar da mu. Ya ce ba hauka ba ne, ba kuma iska ba. Ciwo ne da ke cin gaban ƙwaƙwalwa a hankali, wajen da ke riƙe da kunya da tausayi da sanin abin da ya dace a yi a gaban mutane. Ya ce shi ya sa tunaninta na hanya da na kaya yake nan, halinta ne ya fara tafiya, daga baya magana ma za ta bi. Ya ce babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi, sai kulawa da haƙuri, kuma kada mu riƙe ta da abin da ta yi.

Malam ya ce, "Likita, hushi fa? Tana iya riƙe mutum da hushi?"

Likitan ya ce, "Baba, mai fushi da kai ya damu da kai ne. Ciwon nan damuwar yake cinyewa. Ba na jin tana fushi da kowa."

Na ɗauka zai ji sanyi. Muna fitowa bakin titi ya tsaya ya ce mini, "In ba ta iya hushi, ai ba ta iya yahewa. Na makara ke nan."

Shekara huɗu ta ƙara bayan nan. Maganar likita ta tabbata, kalmomi suka riƙa zubewa. Sukarin ma ta daina kira. Kalmar Amarya ta tafi, sunayen jikoki suka tafi, har ya rage kalma ɗaya tak a bakinta, sunan Malam. Da shi take neman ruwa, da shi take cewa cinyarta ta yi tsami, da shi take kiran kaza. Ina yi mata wanka tana faɗa, ina taje mata kai tana faɗa. Yaran unguwa suka haddace, sai da na kori wasu da muciya. Ni da aka hana ni kiran sunan sau ɗaya, na ji shi har ya ishe ni. Malam ya dawo shiga ɗakin, ba don ya sami abin da yake nema ba, sai don ta ƙi karɓar abinci a hannun kowa sai nasa in ta gaji da ni. Yana ba ta kunu a cokali, tana kiran sunansa tana kallon ƙofa. In ya dawo daga gona, tun daga zaure yake jin ta. Bai sake roƙonta ba, bai kuma daina ramewa ba.

Iya ba ta sami zuwa jana'iza ba, ita ma ƙafa ta ƙi. Sai ranar sadakar uku aka kawo ta daga Bakura. Da mutane suka ragu ta sa aka kira Malam ɗakin Inna, ni ina gefe ina naɗe kaya. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai yaro, wagga rama ba ta kwana ukku ba ta. Mi ka cin ka?"

Shekara shida bai gaya wa kowa ba sai ni. Ranar ya faɗa. Ya ce Inna ta tafi da fushinsa, ya yaudare ta ya raba ta da kabarin mijinta, ta kuma nuna masa a gaban mutane.

Iya ta riƙe haɓa. Ta ce, "Yaudara? Wa kay yaudara? Yayata? Matar da ka sanin mace na da ciki tun ba ta sani ba?" Ta juyo gare ni. "Ke kinka kwashe ɗakinta. Yaya kinka ishe kayanta?"

Na ce a ɗaure.

Iya ta ce, "To. Tun muna hanyar Faru tac ce mini, yau na ɗakin gabas za shi kwashe gida. Nac ce to mu koma mana. Tac ce a'a. Shi ba shi iya tilasta mini, ni ko ba ni iya kallon ana hidda kayana in yi shiru, ruwa kuma ba shi jiran kowa. Bari in ba shi wuri shi yi abin da ya kamata. Ta yi kuka, ba ni ɓoye maka, kukan uban ka ta yi. Da ta share hawaye tac ce, Allah shi yi mishi albarka, ya ɗauke mini abin da ban iya ɗauka. Tac ce kada in hwaɗi, kada ka ji kunya. Ni ina na san kana nan kana kashe kanka?"

Malam ya ce, "Sunan fa, Iya?"

Ta ce, "Kai dai ba ka taɓa ji ba. Tun tana wankan jegonka gidanmu nika kama ta bayan rumbu, ta sa baki ga kunnenka tana hwaɗin shi. Da ka girma, duk randa kat tahi fatauci sai ta zagaya bayan rumbu ta kira shi ta yi maka addu'a. Ni kaɗai nis sani, kuma da ta san na gani da ta shekara ba ta yi mini magana ba."

Mutumin da bai zubar da hawaye ba a maƙabarta ya kifa kansa a kan gadon Inna. Na ja Iya muka fita muka bar masa ɗakin.

Likita ya ce kada mu nemi ma'ana a abin da ciwo ya sa ta faɗa, kuma na yarda ya fi ni sani. Ni dai abin da na gani shi ne, da komai ya zube, kalmar da ta fi shekara hamsin tana ɓoyo ita ta rage. Allah Ya jiƙan Inna, Ya mayar mata da duk abin da ciwo ya karɓe, Ya haɗa ta da tsohon da ta bari a ƙarƙashin ruwa da autarta da ba ta samu ta yi wa kuka ba. Ya yafe mini tsawar da na yi mata.

Malam ya fara cin abinci. Amma shekaranjiya da ya dawo daga gona na ga ya tsaya a ƙofar ɗakinta da fartanya a kafaɗa, bai shiga ba, bai wuce ba. Na ce, "Malam, lahiya?"

Ya ce, "Ba komi. Na saba in ji an kira ni."

Na buɗe baki zan kira sunansa, sai na ji kamar Inna ta dā tana kallona daga gindin ɗaki da faifai a hannu. Na ce, "Ga ruwa can na kai maka." Da ya shige, na duba ba kowa a tsakar gida, na zagaya bayan rumbu.